Hawan Keke a Tuddan Kiyanti, da Amfanin Jagora

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, in amsa wata takarda da ta zo mini daga wani malamin makaranta. Ya ce ya sami labari wai sa'ad da ofishinmu ya aike ni ƙaro ilmin aiki ƙasar Italiya bara, na kwashe yini guda cur ina yawo bisa keke a ƙasar giya, har na biya kuɗi don a ja mini gaba. Sai ya yi tambaya biyu. Ta fari, me ya kai akawu mai iyali ƙasar giya? Ta biyu, ina hankalin mutumin da ya iya keke tun yana yaro, ga kuma taswira cikin wayarsa, ya ɗauki kuɗinsa ya ba wani don ya nuna masa hanya?

Malam, Allah ya ba ka haƙuri, labarin da ka ji gaskiya ne, ban musa ba. Tambayarka ta fari ba ta da wuya. Hausa ta tara abu biyu cikin suna guda, akwai giyar da a ke sha, akwai kuma giyar da a ke sa wa mota da keke. Ni ta biyun ce na yi ta fama da ita tun hantsi har la'asar, ita ce kuwa ta juya mini kai. Hukuncin ta farin, ba akawu ne zai karanta wa malamai shi ba. Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, gama ni ma da bakina na yi ta kafin in hau, ban sami amsarta ba sai a bakin wata ƙofar gona. Amma bari in fara daga farko.

Ƙasar nan sunanta Kiyanti, su mutanenta suna rubuta ta Chianti. Tana cikin lardin Tuskani, tsakanin birnin Fulorans daga arewa da birnin Siyena daga kudu, tafiyar kimanin kilomita 70 ta tsohuwar hanya. Cikin wannan tsakani duka ban ga wani shimfiɗaɗɗen fili da za a yi sukuwa ba. In ba hawa ka ke yi ba, to, gangara ka ke yi. Dutsen da ya fi tsawo, San Michele, ya kusa mita 900. Wanda ya ji an ce ƙasar inabi zai zaci ko'ina inabi ne, amma fiye da rabinta kurmi ne, gonakin inabi da na zaitun suna tsakanin kurmin kamar faci a jikin riga. A makarantar Mishan mun karanta labarin kurangar inabi har mun haddace, ni a zuciyata wani gangarimin itace ne mai inuwa. Ashe da kyar ya kan kai tsawon mutum, an ɗaure shi jikin waya layi layi, daga ƙasan kwari har bisa tudu. Tun shekarar 1716 mai mulkin Tuskani, Cosimo na Uku, ya yi doka ya yanka iyakar ƙasar da ruwan inabinta zai ci wannan suna, watau ba yau su ka fara tsare sunan ba.

Mun taru a garin Greve da sassafe, cikin watan Satumba, saura kwana kaɗan a fara yankan inabi. Mu bakwai ne, jagora na takwas. Dandalin kasuwar garin mai kusurwa uku ne, da rumfuna na gini kewaye, a ciki kuma ga gunkin Giovanni da Verrazzano, ɗan yankin, wanda jirginsa ya shiga mashigin ruwan Niyok a 1524. Nan aka fito mana da kekuna.

'Yan'uwa, keken hawan dutse dabam ya ke da keken da mu ka saba zuwa ofis da shi. Tayarsa mai kauri ce, da haƙora kamar na tayar tarakta. A gaba an sa masa abin da ke shanye gargada, don kada duwatsu su karya wa mutum wuyan hannu. Birkinsa ba ya kama bakin wili, wani faifan ƙarfe ya ke kamawa a tsakiya, da yatsa guda sai ka tsai da shi cak. Nawa giyarsa 12. Asalin wannan keke ba daga Italiya ba ne. Waɗansu samari ne a Kalifoniya ta Amurka su ka riƙa gangarowa daga duwatsun yankin Marin bisa tsofaffin kekuna, har su ka fara tsere a 1976. Ɗayansu, Joe Breeze, ya ƙera na musamman a 1977, kamfanin Specialized ya fitar da nasa kasuwa a 1981, zuwa 1996 har an shigar da shi wasannin Olimfik a Atlanta.

Kafin kowa ya taka feda, jagora ya bi mu ɗaya ɗaya. Mutum ne siriri, ya ba hamsin baya, haifaffen wani ƙauye na kusa, yana jin Ingilishi daidai gwargwado. Ya gyara wa kowa tsawon sirdi, ya ɗaure wa kowa hular kwano. Da ya zo kaina sai ya ce, "Abokina, a keken gidanku wane hannu ne ke kama birkin gaba?" Na ce dama. Ya ce, "To, a nan hagu ne. Ka yi ta faɗa wa hannunka tun yanzu, don a gangara ba ya jiran shawara." Na yi dariya, na ce a raina yau ga mai koya wa kifi iyo.

Ba mu yi kilomita biyu ba dariyar ta ƙare. Daga Greve hanya ta miƙe tsaye zuwa wani ɗan ƙauye mai ganuwa, Montefioralle, inda a ke cewa dangin Amerigo Vespucci, wanda Amurka ta ci sunansa, suna da gida. Na sa ƙarfi irin na mutumin fili, na tashi tsaye bisa feda, nan da nan numfashi ya ƙare, wata tsohuwa Bajamushiya ta wuce ni tana zaune abinta, ƙafafunta na juyawa da sauri kamar mai kaɗi. Jagora ya komo baya ya jera da ni, ya ce in sauko da giya tun kafin tudu ya kama ni, in zauna, in bar ƙafa ta yi ta juyawa ba nauyi. Ilmin hawan tudu ke nan duka, na kuwa yi shekara ashirin bisa keke ban san shi ba.

Da mu ka tsaya shan iska a ƙofar ƙauyen, na tambaye shi dalilin hoton baƙin zakara da na ke gani a kowane allo. Ya ce tatsuniya ce ta kakanni. Wai da Fulorans da Siyena su ka gaji da yaƙi kan iyaka, sai su ka shirya kowane birni ya saki mahayin doki da carar zakara, inda su ka gamu nan ne iyaka. Mutanen Siyena su ka zaɓi farin zakara su ka cika shi da tsaba, ya yi ta barci. Na Fulorans su ka kulle baƙi da yunwa, ya yi cara tun dare bai raba ba, mahayinsu ya cinye ƙasa har Fonterutoli, kusa da ƙofar Siyena. Ko an yi haka ko ba a yi ba, da manoman inabin yankin su ka kafa ƙungiyarsu a garin Radda a 1924, baƙin zakaran nan su ka ɗauka tambari.

Daga nan mu ka bar kwalta mu ka hau abin da ya kawo mu, watau farin burji. Hanyoyi ne na tsakuwar farin dutse, masu bin ƙashin bayan tudu, gefe da gefe waɗansu dogayen itatuwa sirara tsaye kamar masu. Ƙurarsu fara ce fat kamar garin rogo, kafin azahar duk mun yi furfura. A wata gonar zaitun jagora ya nuna mana yadda itatuwa da yawa ba su da gindi guda, sai rassa uku ko huɗu da su ka fito daga ƙasa. Ya ce sanyin watan Janairu na 1985 ne ya kashe su, aka sare, su ka sāke toho daga saiwa. Ni da na wuce ni kaɗai, itace kawai zan gani.

A Panzano, wanda ke bisa tudu kimanin mita 500, mu ka ci abinci, burodi marar gishiri irin nasu da man zaitun da cuku da tumatir. Masu sha su ka sha kaɗan, jagora kuwa ya tsaya a kan kada kowa ya wuce ɗanɗano, don akwai gangara a gaba. Ni aka kawo mini ruwa, ba wanda ya ko ɗaga ido. Nan na yi masa tambayar da ke cina: ƙasa mai arziki haka, me ya hana su zuba wa hanyoyin nan kwalta?

Amsar da ya ba ni ita ce ta sa na ga ƙasar da wani ido. Shekaru ɗaruruwa manoman Tuskani noma-mu-raba su ke yi, su suna kiransa mezzadria. Gona da gida na mai ƙasa ne, ƙarfi na manomi da iyalinsa, amfani a raba biyu. Gidajen dutsen nan da baƙi ke ɗaukar hotonsu yau, a zamanin kakansa yawancinsu ba ruwan famfo, ba lantarki, shanu a ƙasa mutane a bene. Da masana'antu su ka buɗe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, cikin shekarun 1950 da 1960, sai samari su ka yi ta kulle gidaje suna gangarawa birni. A 1964 hukuma ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar noma-mu-raba, a 1982 ta yi dokar mai da sauran su zama haya. Ƙauyuka su ka zama kufai, daga baya attajirai da baƙi, musamman Ingilishi, su ka saye gidajen da araha. A wancan zamani farin burji alamar talauci ne, kowane ƙauye burinsa kwalta ta iso shi, ta kuwa yi ta cinye hanyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Sai a 1997 wani mutumin garin Gaiole, Giancarlo Brocci, ya shirya hawan keke bisa farin burji, ya sa masa suna L'Eroica, watau na jarumai. Mutum 92 su ka hau a karon farko. Niyyarsa har da a tsare sauran hanyoyin kada a binne su. Yanzu dubbai ke zuwa daga ƙasashe dabam dabam a farkon watan Oktoba, da sharaɗin keken ya zama tsohon yayi, ƙirar 1987 ko kafin nan, doguwar hanyar kuwa ta haura kilomita 200. Daga cikinsa aka sami tseren ƙwararru na Strade Bianche, wanda aka fara a 2007, ya ke ƙarewa a babban dandalin Siyena. Hanyar da iyaye su ka guje wa, ita ce yau ke kawo wa 'ya'ya masu cin abinci da masu kwana. Jagoranmu da kansa ya yi shekaru yana aiki a birni, keke ne ya komo da shi gida.

Na ce masa, to, ai magana ta ƙare, kowa ya ci riba. Ya girgiza kai, bai ce kome ba, mu ka hau.

Tsakanin Panzano da Volpaia ya kauce da mu daga babban burji, mu ka bi wata 'yar turba da ta ratsa kurmi ta faɗa gonar wani mutum. Gonar an kewaye ta da waya, da ƙofa a bakin turba. Jagora ya buɗe, ya ce wanda ya zo ƙarshe ya rufe ya sa ƙugiya. Wanda ya zo ƙarshe kuwa ni ne, don a gangarar da ke gaban ƙofar hannuna ya manta karatun safe, na damƙe hagu da ƙarfi, keke ya tsaya ni ban tsaya ba. Allah ya kiyaye, gwiwa kaɗai ta goge. Na tashi cikin kunya, na ga 'yan'uwa sun yi nisa, na ja ƙofar na bar ta a jingine, na bi su da gaggawa. Ƙugiya ko tunawa da ita ban yi ba.

Da na iske su, jagora ya dubi gwiwata, ya wanke ta ya ɗaure, sa'an nan ya ce, "Abokina, ka sa ƙugiya?" Na yi shiru. Bai yi faɗa ba, sai ya ce wa sauran su jira a inuwa, ya ce mini in zo mu koma tare. Mu ka sāke hawan tudun da mu ka gangaro. Muna isa sai ga ƙofa iska ta wangale ta, ga kuma mai gona tsaye a bakinta, tsoho mai kimanin shekara saba'in, riƙe da almakashin yankan inabi. Su ka yi ta magana da harshensu, muryar tsoho na tashi, ta jagora na sauka. Ni dai na cire hular kwano na tsaya. Da na ga ya ɗan huce, na ce wa jagora ya faɗa masa, "Baba, laifina ne, ba na wannan bawan Allah ba. Ka yi mini gafara."

Tsoho ya dube ni tun daga ƙurar kai har ɗaurin gwiwa, sa'an nan ya yafuto ni da hannu, ya kai ni ƙarshen gona wajen kurmi. Ya nuna mini ƙasa an tone ta kamar an sa garma, daga wajen waya. Aladun daji ne. Sun yi yawa ƙwarai a kurmin Kiyanti, su da barewa, kuma sun san lokacin da inabi ya nuna sarai kamar yadda mai shi ya sani. Ya ce garke guda in ya sami ƙofa a buɗe da dare, kafin asuba ya gama da layuka masu yawa, aikin shekara guda ke nan, saura mako a yanka. Ya ce mahaifinsa ya yi noma-mu-raba a wannan gona, shi ne ya saye ta da guminsa. Ya ce turbar nan cikin ƙasarsa ta ke, ya bar ta a buɗe ne don ya san jagoran tun yana yaro, ya san in ya shigo da mutum takwas zai fita da takwas ya rufe ƙofa. Maƙwabcinsa kuwa ya riga ya sa sarƙa da kwaɗo a tasa, saboda masu bin taswirar waya, waɗanda su kan shigo ba sallama, su tsinki inabi, su ja birki su kware turba har ruwan sama ya mai da ita kwazazzabo.

Malam, ga amsar tambayarka ta biyu. Taswirar da ke cikin waya ta san inda turba ta bi, amma ba ta san mai ita ba. Ba ta san wace gona a ke feshi yau ba, ko inda tarakta za ta fito daga kwana da kaya, ko wane kurmi mafarautan alade ke ciki da bindigogi a watannin sanyi. Da yawa daga turbobin nan ba na hukuma ba ne, na masu gona ne, mutunci ne ya buɗe su. Kuɗin da na biya, na ga kaɗan ne daga cikinsa ya tafi ga nuna hanya. Yawancinsa na sayi aron mutuncin da wani ya yi shekaru yana tarawa ne, na kuwa kusa zubar masa da shi cikin minti guda. Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari, amma ban taɓa lura da abin da ɗan garin ya ke sa wa a faifai ba sai ran nan.

Ba na ce kowane jagora haka ya ke ba. Mun gamu da wata ƙungiya, sun fi ashirin, bisa kekuna masu batir, jagoransu na gaba can bai ko waiwaya. Keke mai batir ba abin zargi ba ne. A dokar ƙasashen Turai injinsa ba ya wuce wat 250, kuma ya kan daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a sa'a, ya kuwa ba tsofaffi da marasa ƙarfi damar ganin abin da dā sai samari. Aibinsa guda, ya kan kai mutum bisa tudun da bai iya saukowa daga kansa ba, ya kuma yawaita ƙafa a turbar da dā wahala ke tace masu binta. A ganina wanda zai je ya tambayi abu biyu kafin ya biya: mutum nawa ne a tafiyar, jagoran kuma ɗan ina ne. In sun wuce goma, ko jagoran baƙo ne kamarka, ka riƙe kuɗinka.

Da yamma ta gabato mu ka shiga Volpaia, ƙauyen dutse mai kyaun gani, kimanin mita 600 bisa teku. Tituna a share, furanni a tagogi, amma shiru kamar an yi shara da mutane. Jagora ya tura wata ƙofa ya ce in leƙa. Daga waje gida ne sosai, daga ciki manyan tankunan ƙarfe ne har rufi. Gidaje da yawa na ƙauyen, har da tsofaffin majami'u, an mai da su ma'ajin ruwan inabi, an bi ƙarƙashin tituna da bututu daga wannan gida zuwa wancan. Gini ya tsira, sai dai ban ji kukan yaro ko ɗaya ba. Na so in tambaye shi ko yana ganin wannan rayuwa ce ko kuwa adana gawa, amma na ga yau na riga na ba shi isasshiyar wahala.

Daga Volpaia mu ka gangara kwari, hannuna na hagu a sake kamar na mai gaskiya, sa'an nan mu ka yi hawa na ƙarshe zuwa Radda, inda mota ke jiranmu. Duka tafiyar kimanin kilomita 30 ce, abin da a fili ba zai kai ni sa'a biyu ba. Da na sauka ƙafafuna su ka ƙi ɗaukata, na zauna bakin ganuwa. Jagora ya zo ya buɗe jakarsa, ya fito da nonon inabi guda, baƙi sidik, irin da su ke kira Sangiovese, ya miƙa mini. Ya ce tsohon ne ya yanko sa'ad da na juya baya, ya ce a ba mai gwiwa in an isa, a kuma gaya masa in ya komo ya sa ƙugiya.

Ni ne naku,
Akawu Mai Keke.